Mita sittin na kebul, da kuɗina da suka tafi a damina ɗaya

Kai yaro, na ga saƙonka. Wai don me na sa ka sake hawa ƙarfen sabis ɗin hanyar Shika don kawai ka auno tsawon kebul ɗin eriyar GPS, alhali "Oga, ai sabis na aiki, kowa na kira". Da a gabana ka faɗa, da ka sha rankwashi. Zan amsa maka ne kawai don ka fama min tsohon ciwo.

Saƙon rediyo a iska yana cin mita 300 cikin maikirosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. A cikin kebul ba ya wannan gudun. Irin mai kaurin nan da muke ja, kowace mita tana cinye kusan nanosakan 4 (nanosakan dubu ne maikirosakan ɗaya). Ja mita 60, nanosakan 240 sun tafi kafin saƙon saita agogo da tauraron ɗan Adam na GPS ya aiko ya iso cikin akwatin na'urar ƙarfen. In ba ka shigar wa na'ura wannan lissafin ba, agogonta a makare yake, ita kuma ba ta sani ba. Shi tsarin TDD, wanda 5G ɗin da aka fara a Najeriya a 2022 ke kansa, har da wasu 4G, hanya ɗaya ce ake karɓa-karɓa a kanta: yanzu ƙarfe ya yi magana, yanzu waya ta amsa. Kaucewar agogo da aka yafe wa kowane ƙarfe maikirosakan 1.5 ce kacal. To kebul kaɗai ya lashe kusan kashi ɗaya cikin shida.

Ɗaure kanekta da naɗe shi da tef kar ruwa ya shiga, wannan ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda bai iya ba ya koma gyaran fanka.

Wata damina wani ɗan kwangila ya ba ni aikin haɗa wani ƙarfe a bayan Samaru. Da kaya suka iso na zazzage kwali, babu ɗan abin nan mai tare tsawa da ake sa wa a layin GPS. Na kira shi. Ya ce, "Haba Malam, ka haɗa haka, yana hanya daga Legas." Ni kuma saboda ina son a biya ni kafin Sallah, na haɗa, na sa hannu a takarda cewa aiki ya kammala. Wannan sa hannun ne ya ci ni.

Ba a yi sati uku ba aka yi ruwa da tsawa cikin dare, eriyar GPS ta ƙone. Ƙarfen bai mutu ba, kuma nan ne masifar take. Akwai agogo mai aiki da ɗan dutsen kiristal a cikin na'ura da ke riƙe lokaci in tauraro ya ɓace, amma na 'yan awoyi ne, daga nan sai ya fara zamewa a hankali. Wasu na'urorin in wa'adin ya wuce sukan yi shiru da kansu. Wannan ba a saita ta haka ba. Sai ta riƙa magana a daidai lokacin da maƙwabtanta ke sauraron wayoyin mutane, kamar mai buga ganga a kunnen wanda ake yi wa raɗa.

Ka san daga ina ƙorafi ya fito? Daga ƙarfen da ke maƙwabtaka da shi, wanda lafiyarsa ƙalau. Kwana uku ina hawa wancan, igiya ta saɓule min tafin hannu, na canza na'urar rediyon da ke sama, na canza kebul, hayaniyar na nan. Sai ranar huɗu na leƙa akwatin nawa, na ga 'yar fitilar GPS ja wur, ƙura ta rufe ta. Ɗan kwangilar ya zaro takardar da na sa wa hannu, ya ce sakacina ne. Ya riƙe cikon kuɗina, ya kuma cire kuɗin kayan da na canza a banza. Ragon Sallah bashi na ci a shekarar. Har yau in na hango shi a PZ cikin motarsa sai ya ɗaga min hannu yana murmushi.

Mu da muka fara tun zuwan GSM a 2001, da ka muke riƙe da waɗannan abubuwa. Mun san ƙarfe ne ke gaya wa waya ta yi sammakon aika saƙo gwargwadon nisanta, kowane mataki kusan mita 550, iyakarsa kilomita 35. Ku kuwa yaran yanzu, in kwamfuta ta nuna kore shi ke nan, ku ɗauki hoto ku sa a WhatsApp, wai injiniya. Ko jiya na ga ka rubuta "kamar mita 50". Kamar? A tebur ɗin mai shayi ka auno?

Gobe bayan asuba ka same ni a Kwangila. Ka zo da tef ɗin awo da bel ɗinka, kuma ka duba min ko mai tare tsawar yana haɗe da wayar ƙasa, da idonka, ba a hoto ba.