Ƙaiƙayin dare da ya gama gida: ƙazuwa, man kasuwa da abin da bincike ya gano

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba yara lafiya. Kin ce wata 3 ke nan ƙaiƙayi ya shigo gidanki a unguwar Zariya. Ya fara da yaron da ya dawo daga makarantar allo, ya kama ƙannensa biyu, ya kama ki, yanzu maigida ma ya fara susa. Kin shafa man kasuwa har tub 3, in an shafa ya lafa, in an daina ya dawo ya fi da. Kina kuma tambaya ko ana samun sabuwar allurar cutar fata da kika gani a Facebook a nan Maradi.

Mu fara kawar da maganar allurar. Akwai ta, ba ƙarya ba ce. Mafi shahara ita ce dufilumab, wadda aka amince da ita a Amurka a 2017, babba na yin ta duk mako 2, kuɗinta kuwa miliyoyin sefa ne a shekara. Amma ta masu kirci ce, wato waɗanda garkuwar jikinsu ke tayar wa fatarsu da bori, kuma wannan ba ya bin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ƙaiƙayin da ya fi tsanani da dare, ya fara da mutum guda ya bi sauran, ƙazuwa ake fara zato, wadda wani ɗan ƙwaro mai shiga fata ke kawowa, har sai an tabbatar ba ita ba ce. Ko kyauta aka ba ki allurar nan ba za ta kashe ƙwaro ko ɗaya ba.

Gobe da hantsi ki fito da yaran tsakar gida inda haske yake, ki duba tsakanin yatsun hannu, cikin wuyan hannu, hammata, kewayen cibiya, ƙugu inda tazuge ko zane ke zama, ɗuwawu, da gaban yara maza. Ƙuraje masu ɗan tauri a gaban yaro namiji tare da susar dare, da wuya ya zama wani abu daban. Jariri kuma har tafin hannu da tafin ƙafa da kai take kamawa. Kada ki nemi ja irin na hotunan intanet, a baƙar fata ƙananan ƙuraje ne masu duhu da sawun farce. Ana iya goga tawadar biro a tsakanin yatsu a share da auduga mai alkol. In wani ɗan layi siriri mai lanƙwasa ya rage, ramin ƙwaron ne. A 2020 masana ƙazuwa na duniya sun fitar da ƙa'idar da ta yarda ma'aikacin lafiya ya yanke hukunci da ido da tambaya, ba sai da madubin likita ba, saboda haka majo, wato babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitin unguwa (CSI), ya isa ya tabbatar miki.

Ƙwaron bai kai rabin milimita ba. Macen ce ke haƙa rami a saman fata, tana ajiye ƙwai 2 zuwa 3 kullum, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana 3 zuwa 4, ɗan ya balaga cikin kamar mako 2. A jikin mai ƙazuwa ta yau da kullum ƙwarin ba su cika wuce 10 zuwa 15 ba. Ba cizonsu ne ke sa susa ba, jiki ne ke yin bori da su da kashinsu, kuma a kamun farko borin kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya bayyana. Nan ne gidaje da yawa ke faɗuwa. Wanda ya ce shi lafiyarsa lau, ba ya susa, mai yiwuwa yana ɗauke da ita tun wata guda, shi ne kuma zai mayar wa kowa bayan an gama magani.

Man da kika shafa, ɗauko kwalin ki karanta ƙananan rubutun. In kin ga bétaméthasone ko clobétasol ko dexaméthasone, to ga mai laifin. Waɗannan magunguna ne masu kwantar da borin fata, galibi a gauraye da maganin makero da na ƙwayoyin cuta a tub guda, shi ya sa masu talla ke cewa yana maganin komai. Yana kashe ƙaiƙayi, ya bar ƙwaro, ya kuma raunana garkuwar da ke rage yawansa. An kashe maciji ba a sare kai ba. A jikin tsoho, ko yaro mai tamowa, ko mai cuta mai karya garkuwa, abin kan kai ga ƙazuwa mai ɓawo, inda fata ke yin kauri kamar bayan itace, ƙwarin su kai dubbai har miliyoyi, mutum guda ya ishi unguwa. Irin waɗannan magungunan ne kuma ke cikin man bilicin da yawa. Ki daina shafa man kasuwan nan yau.

Maganin gaskiya na shafawa iri uku ne. Akwai fermetirin mai ƙarfin 5 cikin 100, babba na cinye kusan giram 30 a shafi ɗaya, a bar shi awa 8 zuwa 14, a wanke, a maimaita bayan kwana 7. Ana yi wa jariri daga wata 2. Akwai benzil benzowat, wanda aka fi samu a ƙasashenmu. Mai ƙarfin 25 cikin 100 babba na shafa shi yadda yake ya bar shi awa 24; yaro ɗan shekara 2 zuwa 12 a sirka rabi magani rabi ruwa; ƙasa da shekara 2 kashi 1 magani kashi 3 ruwa, kuma kada ya wuce awa 12 a jiki; mai ciki ma awa 12. Yana da raɗaɗi, yara za su yi kuka, a kan gyambo kuwa ba a sa shi. Ascabiol na farmasi mai ƙarfin 10 cikin 100 ne, ba a sirka shi da wannan lissafi, a bi takardar da ke cikin kwalinsa. Na ukun shi ne farar wuta kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a cikin basilin, dare 3 a jere. Tana wari tana ɓata tufa, amma ita ake komawa gare ta ga jaririn da bai kai wata 2 ba. Mai farmasi ne zai haɗa, ba a dakawa a turmi.

Yadda ake shafawa ya fi sunan maganin muhimmanci. Ba kan ƙuraje kawai ake ɗiga shi ba. A yanke farce, a yi wanka, a bari jiki ya bushe ya huce, sannan a bi fata duka daga wuya har tafin ƙafa: bayan kunne, cikin cibiya, tsakanin yatsun ƙafa, matsematsi, tsagar ɗuwawu, ƙarƙashin farce. Ƙananan yara da tsofaffi har fatar kai, a kauce wa ido da baki. Baya sai wani ya shafa wa mutum. Sai maganar alwala, wadda takardun Turawa ba su san da ita ba: wanda ya shafa bayan isha ya yi alwalar asuba ya wanke maganin daga hannu da ƙafa, wuraren da ƙwarin suka fi zama. Duk wanke hannu, a sake shafawa nan take. Mai shayarwa ta wanke nono kafin ta ba yaro, ta mayar bayan ya gama. A sa wa jariri safa a hannu don kada ya tsotsa. Kowa da ke kwana a gidan, har ƴar aiki da wanda ba ya susa, tare za a yi musu a dare guda.

Abin da ya sauya a fagen bincike shi ne ƙwayar sha, ibamektin. Kin san ta: ita ce Mectizan da ake rabawa gida-gida ana auna tsawon mutum da sanda. Waɗanda suka gano ta sun sami kyautar Nobel a 2015, kuma da taimakonta Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da cutar makantar kogi, a Janairun 2025. A 2015 aka wallafa wani gwaji daga tsibiran Fiji. Inda aka ba kowa da kowa ibamektin, masu ƙazuwa sun sauko daga kashi 32 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 2 bayan shekara guda, raguwar kashi 94 ke nan. Inda aka shafa wa kowa fermetirin ta ragu da kashi 62, inda aka yi wa masu ciwo da mutanen gidansu kawai kuwa da kashi 49. A 2017 hukumar ta sa ƙazuwa cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, tana ƙiyasin mutum sama da miliyan 200 ke ɗauke da ita a kowane lokaci.

Awonta da nauyi ake yi, ƙwaya mai miligiram 3: kilo 15 zuwa 24 ƙwaya 1, 25 zuwa 35 ƙwaya 2, 36 zuwa 50 ƙwaya 3, 51 zuwa 65 ƙwaya 4, 66 zuwa 79 ƙwaya 5. A sha da abinci, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 14, domin ba ta kashe ƙwai, kuma kafin su ƙyanƙyashe ta riga ta fita daga jiki. Mai ciki da yaron da bai kai kilo 15 ba, na shafawa za a ba su.  Wanda ya yi zaman ci-rani a dazuzzukan Kamaru ko Gabon ya faɗa wa likita kafin ya sha, saboda wata tsutsar ido ta can da kan jawo matsala a ƙwaƙwalwa in ta haɗu da maganin. Don Allah kada a ɗauko ta dabbobi da ake yi wa awaki allura, ƙarfinta da haɗinta ba na mutum ba ne. Haka baƙin mai da fiya-fiya, ƙuna da guba kawai suke kawowa.

Ana kuma gwada ƴar'uwar ibamektin, moksidektin, wadda aka amince da ita don makantar kogi a 2018. Tana daɗewa a jiki makonni, shi ya sa ake fatan sha ɗaya ya riski har ƴaƴan da za su ƙyanƙyashe. Ba ta shigo kasuwa don ƙazuwa ba, wanda ya ce yana sayar da ita ki riƙe kuɗinki. Wani labarin kuma daga Ostiriya: a gwajin da aka wallafa a 2024, fermetirin ya warkar da kashi 27 cikin 100 kawai, benzil benzowat kashi 87. A ganina wannan ya kamata ya kwantar wa mutanenmu hankali, tsohon ruwan nan mai arha da ake rainawa bai gaza mai tsadar ba.

Tufafi ba sa bukatar wahalar da ake sha a kansu. Ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 in ya bar jikin mutum. Abin da aka sa ko aka kwanta a kai cikin kwana 3 na ƙarshe a jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 60, wanda hannu ba ya iya zama a ciki, a shanya a rana. Bargo da luru da abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda mako guda. Katifa da tabarma a fitar da su rana. Ba sai an yi feshi a ɗaki ba.

Bayan magani susa kan ci gaba mako 2 zuwa 4, jiki na fitar da gawar ƙwarin. A nan wasu ke cewa bai yi ba su yi ta maimaitawa har fata ta ƙone. Man kaɗe da ƙwayar ƙaiƙayi da dare sun isa. Sabbin ƙuraje a sabon wuri bayan mako 2, shi ne alamar ya gaza. In ƙurajen sun yi ruwa ko ɓawo mai launin zuma, ƙwayoyin cuta sun shiga, a fara maganinsu kafin a shafa mai raɗaɗi. Yaron da ya tashi da kumburin fuska, fitsarinsa ya ragu ko ya koma kamar baƙin shayi mako 3 zuwa 6 bayan gyambon, ƙoda ce ta taɓu, a kai shi asibiti ranar.

Tunda kina duba su, duba kan yaron ma. In akwai kora, gashi ya karye da farin gari a wurin, man shafawa ba ya kai wa saiwar gashi. Ƙwayar giriziyofulbin ake sha, kamar miligiram 20 ga kowane kilo kullum, mako 6 zuwa 8, tare da abinci mai maiƙo kamar madara ko tunkuza, kuma a saya masa askarsa shi kaɗai. Wannan gaurayen man na kasuwa shi ake zargi da taimaka wa wani sabon makero da ya bazu daga Indiya, aka raɗa masa suna a 2020, wanda ba ya jin maganin makero na tarbinafin sai an koma ƙwayar itirakonazol ta makonni. Tabo kuma mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa shi da auduga mutum bai ji ba, kuturta ake zato, wannan na asibitin Danja ne a kan hanyar Ɗan Isa, sun daɗe a kan kuturta da cututtukan fata, maganinta kyauta ne kuma tana warkewa.

Saura makarantar. In yaron ya koma ya kwanta tabarma ɗaya da yara 10 masu susa, cikin kwana 1 zuwa 4 ƙaiƙayin zai dawo, don jikinsa ya riga ya san ƙwaron. Maigida ya je ya gaida malam, ya yi maganar cikin ladabi, ba da sigar zargi ba, su tafi tare wurin majo. Shawarar masana ita ce inda mutum 1 cikin 10 ko fiye ke da ita a yi wa kowa magani, kuma a wurin kwana ɗaya irin tsangaya ba a ma jiran lissafi. A ƙirga almajirai da iyalin malam, a auna nauyin kowa, a tsayar da daren Laraba tunda Alhamis ba karatu, a samu ranar wanki da shanya, a maimaita Larabar da ke biye.