Me ya sa ake matse bayanan wutar lantarki kafin a tura su?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya. Na ji cewa a tsarin rarraba wuta na zamani sai an matse bayanan da na'urori ke aunawa, wato a rage girmansu, kafin a adana ko a tura. To ai memori ya yi araha yanzu, mene ne na wahalar da kai?

Amsa: Ɗan'uwa, ɗauko biro mu yi lissafi. Wutar Najeriya tana zagaye 50 a daƙiƙa. Na'urar lura da ingancin wuta takan ɗauki awo 128 a kowane zagaye, wato 6,400 a daƙiƙa. In kowane awo ya ci bayit 2, kafin gobe war haka an haura gigabayit 1, a wayar wuta ɗaya tal. Wayoyin kuwa uku ne, kowacce ana auna ƙarfin wutarta da yawan wadda ke bi ta cikinta. Ninka shida ke nan.

Memorin ma da sauƙi. Turawa ce mai cin batir da data, ta fi lissafin da na'urar za ta yi a cikinta tsada nesa ba kusa ba. Kuma da an ɗauke wuta, ɗan batirin da ke cikin na'urar ne kaɗai zai kai rahoto.

Abin da ya sa matsewar ke yiwuwa shi ne wuta maimaita kanta take yi, zagayen yanzu kusan ɗaya yake da na baya. Sai na'urar ta adana bambancin kawai, kamar mai shago a kasuwar Sabon Gari da ke rubuta abin da ya fita yau maimakon ya sake ƙirga kaya duka. Daga nan a bi da dabarar David Huffman ta 1952, wadda ke ba lambobin da suka fi yawan fitowa gajeriyar alama. Nan ba a rasa komai.

Akwai kuma dabara mai matsewa sosai, irin mai amfani da lissafin Fourier da ke rarraba awon wutar kashi-kashi, wadda ke zubar da ƙananan abubuwa. Da ita nake taka-tsantsan. In tsawa ta faɗa kan layi da damina, ɗan canjin da wutar ta yi cikin ƙiftawar idon nan shi injiniya ke nema, to a adana shi cikakke. Haka ma karatun mita da sa'o'in da aka ba da wuta. Tun Afrilun 2024 rukunin masu amfani da wuta da ake kira 'yan Band A ke biyan kuɗi mai yawa bisa alƙawarin awa 20 a rana. Ranar da gardama ta tashi tsakanin unguwa da kamfanin raba wuta, lambobin nan za a buɗe, don haka ko ɗigo kada a taɓa.