"Baba ya ce Ingila na je kiwon ɓera"

Wata ƙanwa tamu da ke kammala digirin dakta a Ingila ta rubuto cewa malaminta ya yi mata tayin ci gaba da binciken da suke yi: ba jariran ɓeraye maganin DFMO don a ga abin da yake yi wa ƙwaƙwalwarsu. Mahaifinta ya ce ta dawo, ba kiwon ɓera ya tura ta ba. Bizar karatunta ta kusa ƙarewa, ga shi kuma tana da ƙaramin ciki.

Ƙanwata, ba na ganin laifin Baba, domin ɓera kaɗai kika ambata masa. Ki kira shi ki ba shi labarin tun daga tushe. A jikin kowane mai rai akwai wasu sinadarai da ake kira foliyamin, waɗanda ƙwayoyin halitta ke bukata kafin su rabu su yawaita. DFMO yana toshe matakin farko na haɗa su. Sashen ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, mai daidaita tafiya da motsi, a jikin ɓera yana yin yawancin girmansa ne cikin makonni uku bayan haihuwa. Shi ya sa tun shekarun 1980 Theodore Slotkin da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka suka ga cewa idan aka ba jaririn ɓera maganin a wannan lokacin, sashen nan yana tsumburewa fiye da sassan da suka riga suka ginu tun a ciki.

Abin da zai shiga zuciyar Baba shi ne wannan: maganin namu ne. Shi ne eflornithine da aka amince da shi a 1990 don ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har ya riƙa farfaɗo da mutanen da aka fitar da rai da su. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san ƙudan tsando da sammore, kuma a Kaduna akwai cibiyar gwamnati guda da aka kafa don binciken wannan cuta. A Disamban 2023 kuma Amurka ta amince a riƙa bai wa yara masu wata irin kansar jijiyoyi shi. Maganin da ake ɗura wa yaro, ai dole wani ya san abin da yake yi wa ƙwaƙwalwa mai tasowa. Aikinki ke nan, kuma ni ina alfahari da shi.

Batun cikin kuwa ba na jira ba ne. Abin da ke hana ƙwayoyin halitta yawaita ba abokin ɗan tayi ba ne, an kuma ga yana ɓarar da ciki a dabbobi. Na san al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki, amma a nan ki ajiye kunya, ki sanar da malaminki da jami'arku a rubuce. Dokar Ingila ta wajabta musu su duba haɗarin aikinki, su kuma kare ki daga haɗarin da suka gano; ki nemi a ɗauke miki awon garin maganin da haɗa shi.

Takardu: bizar waɗanda suka kammala karatu tana ba mai dakta shekara 3, ba a sabunta ta, kuma sai kina cikin ƙasar za ki nema, kafin ta karatu ta mutu. Idan gwamnati ce ta ɗauki nauyin karatunki da zamanki cikin watanni 12 da suka wuce, sai kin kawo amincewarta a rubuce. In kuma kin sa hannu a yarjejeniyar komawa koyarwa, ki warware ta da mutunci, kada ki yi shiru. Ki tambayi ofishin ɗaliban waje na jami'arku ko aikin nan zai ba ki bizar Global Talent ta masu bincike da sauran ƙwararru, wadda ta fi saurin kai mutum ga takardar zaman dindindin.

Kafin ki kira Baba, ki fara da Umma. Ita za ki gaya wa maganar cikin, ita kuma ta san lokacin da za ta shigar masa da sauran.