Fara da littafin horon zuciya kafin labarin Sarki Ashoka

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka sami ƙagaggen labari a kan Sarki Ashoka na daular Mauriya ta Indiya, da wani ƙaramin littafi mai bayanin yadda mabiya Buddha suke horar da zuciya, kana tambayar wanne ya kamata ka fara buɗewa. Shawarata ita ce ka fara da ƙaramin, domin ni da labarin na fara, kuma sai da na koma na sake shi daga farko bayan na gane abin da ya wuce ni.

Labarin da na karanta ya ɗora komai a kan yaƙin Kalinga, yankin da yau ake kira Odisha, wanda aka gwabza wajen shekara ta 261 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Marubucin ya nuna sarkin yana ratsa gawarwaki da asuba, ƙafarsa tana nutsewa cikin laka da jini, kafin rana ta take ya zama wani mutum daban. Na rufe littafin jikina a sanyaye. Ɓarnar kuwa ba ƙari aka yi mata ba, domin Ashoka da kansa ya sa aka sassaƙa a jikin dutse cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe wasu 150,000 daga ƙasarsu, kuma ya bayyana nadamarsa a fili.

Littafin horon zuciya ne ya sa na fara shakkar wannan tuba ta dare ɗaya. Ni Musulmi ne, na karanta shi ne don in san yadda mutanen suke tunani, kuma abin da na tarar aiki ne na yau da gobe. Ana koya wa mutum ya zauna ya ƙirga numfashinsa daga ɗaya zuwa goma, da zarar hankalinsa ya tafi kasuwa ko ga bashin da ake binsa, sai ya dawo ya fara daga ɗaya, haka shekara da shekaru. Ga kuma alkawura biyar da gama-garin mabiyi yake ɗauka, wato barin kisan rai, sata, alfasha, ƙarya da kayan maye. Wanda ya san wannan ba zai yarda cewa mai rundunar yaƙi ya sauya hali tsakanin asuba da hantsi ba. Sarkin ma bai ce haka ba: a wani rubutunsa na dutse ya faɗi cewa ya yi fiye da shekara biyu da rabi yana mabiyin Buddha ba tare da wata himma ba, sai daga baya ya dage.

Akwai abin da ya fi wannan taɓa ni. A rubutun nadamar nan, ya gargaɗi mutanen daji cewa har yanzu yana da ƙarfin hukunta su, kuma a Kalinga kanta, a Dhauli da Jaugada, ba a sassaƙa wannan rubutu ba, wasu umarni aka sa a madadinsa. Bai kuma mayar wa mutanen Kalinga da ƙasarsu ba. A ganina, marubucin da ya iya aikinsa shi ne wanda ya riƙe nadamar da mulkin a hannu ɗaya, kuma da wannan ma'auni nake auna duk labarin daula da na ɗauka tun daga lokacin.

Saboda haka ka nemi fassarar rubuce-rubucen duwatsun ma, waɗanda aka sami damar karantawa bayan wani Baturen Ingila, James Prinsep, ya warware haruffan Brahmi, tsohon rubutun da aka sassaƙa yawancinsu da shi, a 1837. Ba su da tsawo, za ka gama su tsakanin magariba da lokacin barci. Ka ajiye su kusa da labarin, idan ka iso babin Kalinga ka buɗe babban rubutun dutse na 13, wato rubutun nadamar nan, ka karanta su tare.