Amsa kan sauraron kiran wayar yaro

Maman Abba, kin tambaya ko za ki iya naɗar kiran ɗanki mai shekara 14 ba da saninsa ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin hirar waya. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta bar wa iyaye damar sa ido daidai gwargwado, amma wanda yake magana da shi fa ba ɗanki ba ne, shi ma yana da haƙƙi.

Don Allah ki guji manhajojin leƙen asiri, da yawa suna kwashe bayanan wayar, su kai wa baƙi. Ki sa masa Family Link, manhajar Google da iyaye ke sa ido da ita kan wayar yara, da saninsa. Manhajar ba ta naɗar kira, amma za ki ga inda yake, ki kuma ƙayyade lokacin da zai riƙe wayar.