Fatoman Sawakin da Baƙon da Aka Kira Raɓa

Wani bawan Allah daga Bajoga ya aiko mini da tambaya. Ya ce kakansa ya je Makka a ƙasa tun zamanin Turawa, ya ratsa Barno da Cadi da Sudan har bakin Bahar Maliya. A garin Sawakin suka yi zaman jiran jirgi, irin na katako mai ƙaton ƙyalle wanda iska ke turawa. Tsohon yakan ce, "Fatomanmu na Sawakin mutumin kirki ne, amma kullum sai ya ce mana baƙo raɓa ne." Shi ne jikan yake tambaya: "Malam, mene ne fatoma? Kuma wannan magana ba gori ba ce?"

To ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Ban yi mamakin jin wannan labari daga wajenku ba, don kusa da ku Burmi take, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a 1903 yana kan hanyarsa ta gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno kuma ya wuce da sauran jama'a har Sudan. Hanyar da kakanka ya bi ta sha sawu kafin shi.

Fatoma aro ce daga Barebari. A bakinsu "fato" gida ne, "ma" ɗin ƙarshe kuwa tana nuna mai abu, irin wadda kake ji a Galadima da Ciroma. Wato mai gida. Sai dai fatake ba kowane mai masauki suke kira haka ba. Fatoma shi ne wanda sauke baƙi sana'arsa ce: ya ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya da guziri, ya yi maka tafinta, ya nemo mai saye in kana da haja, ya ci la'adarsa. A bakin teku kuwa shi ya san wane mai jirgi ne ba ya cika lodi, wane ne zai karɓe kuɗinka ya sauke ka inda ba mutane. Tsakanin Sawakin da Jidda ya haura kilomita 300 na ruwan gishiri, ga mutumin da iyakar saninsa da ruwa kogin Gongola ne. Ka ga wanda ya riƙe maka wannan amana ya wuce a ce masa mai ba da haya.

Karin maganar kuma rabinta aka faɗa wa kaka. Cikonta: "Baƙo raɓa, ɗan gari kaba." Fita gona da asuba ka duba, raɓa ta kwanta a kan ganye tana ƙyalli, ta jiƙa maka ƙafar wando sharkaf, amma kafin hantsi ya dubi ludayi babu ita. Kaba kuwa, ƙaramar goriba, ka sare ta bana, baɗi ta tofo a wurin, don saiwarta ta yi nisa. Maganar tana da baki biyu. In ɗan gari ya faɗe ta cikin faɗa, gori ne tsagwaronsa: kai mai wucewa ne, ja bakinka. In mai masauki ya faɗa wa iyalinsa, ko ya faɗa wa baƙon yana murmushi, nufinsa a yi haƙuri da ɗawainiya, kwana nawa ne. Ni na fi karkata ga ta biyu, tunda tsohon da ya ji da kunnensa bai fasa kiran mutumin na kirki ba har ya koma ga Allah. Wani abin da ke ba ni dariya, da kabar nan ake saƙa tabarmar da ake shimfiɗa wa raɓar. Shi ya sa ma aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, don tabarma ko maƙiyi yana iya jefo maka.

Wata malamar makaranta daga Azare kuma ta tambayi dalilin da ya sa ake ce wa na sama jirgi, alhali ba ruwa yake bi ba. Malama, na ruwan shi ne babba. Jirgi tun asali na fito ne, wanda ake haye kogi da shi. Da Turawa suka kawo na dogo sai aka ce jirgin ƙasa, na sama ya biyo baya, har ta kai dole a ƙara wa mai sunan "na ruwa" kafin a gane shi. Haka "tuƙi". Dubi hannun mai fito a Dadin Kowa yana juya ruwa da filafili, ki dubi naki a kan muciya ranar da kike tuƙa tuwon masara. Daga nan direban mota ya samo nasa.