Kamfanin layi ba ya ajiye muryarka

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina sayar da atamfa da shadda a kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, kuma yawancin cinikina ta waya ne. Wani ya karɓi kaya bashi, yanzu ya ce ba haka muka yi ba. Na naɗi maganarmu, amma wayar ta faɗa ruwa. Wani mai gyara ya ce in ba shi dubu talatin ya ciro mini muryar daga kamfanin layi. Hankalina a tashe yake. In biya? Kuma yaya zan riƙa adana kira a kwamfuta?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kada ka ba shi ko sisi.

Wannan magana ta "ciro murya daga kamfani" ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. MTN, Airtel, Glo, duk abin da ke hannunsu bayanin kira ne: wace lamba ta kira wace, ƙarfe nawa, minti nawa aka yi, ta wace hasumiyar sabis kiran ya bi. Shi ne sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya ce su riƙe tsawon shekara 2. Babu wani rumbu da aka tara muryoyin jama'a ana jiran mai dubu talatin. Sauraron kiran mutum aiki ne na hukumomin tsaro bisa ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fitar a 2019, kuma sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin maganar waya. Ko bayanin kiran ma ba a miƙa wa mai shago a bakin titi. To shi mai gyaran a su wa?

Asarar kuɗin ma ita ce mai sauƙi. Irin waɗannan mutane za su ce ka kawo NIN, ka karanto lambar da aka turo maka ta tes, "don a buɗe fayil ɗinka". Da wannan lambar ake ƙwace WhatsApp, da irinta ake kwashe asusun banki. Wasu kuma manhajar leƙen asiri suke dasa maka, ka biya kuɗi da hannunka a riƙa karanta saƙonninka. Haka ake yi wa magidanta masu son jin kiran matansu, da matan da ke zargin mazajensu. Zato ya kai mutum wurin ɗan damfara, ya dawo ga zunubi ga asara.

In akwai sauran fata, a jikin tsohuwar wayar yake. Kada ka sa ta caji. Cire katin memori ka duba a kwamfuta. In a cikin wayar rikodin ɗin yake, sai an tayar da ita, kuma ka tsaya a kanta ana gyaran.

Batun nan gaba: yawancin Tecno, Infinix da itel suna zuwa da maɓallin naɗar kira. Ka yi amfani da shi, ka bar sauke manhajoji, don tun watan Mayun 2022 Google ya toshe hanyar da suke bi. iPhone kuwa ba ta naɗar kira sai daga sigar manhajarta ta iOS 18.1, kuma tana sanar da ɗaya ɓangaren. Kiran WhatsApp galibi wannan maɓallin ba ya kama shi. Kowace Juma'a ka jona wayar da kebul, ka kwafe foldar rikodin zuwa kwamfuta yadda take. Fayil ɗin ba nauyi, minti ɗaya da wuya ya wuce megabait 1. Ka yi folda da sunan kowane kwastoma, ka ajiye kwafi na biyu a filas, na uku a Google Drive mai ba da gigabait 15 kyauta. Kwamfutar ta kasance da lambar sirri, sirrin mutane ne a ciki.

Kada ka yanke rikodin, kada ka haɗa shi da wani, kada ka tura wa 'yan kasuwa don a tona wa kwastoman asiri. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samar da rikodin, kuma lauyan wancan ɓangare jira yake ya ce an taɓa shi, balle yanzu da ake kwaikwayon murya da kwamfuta.

Sannan Alhaji, aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, rubuta bashi da kafa shaidu ta yi umarni. Ka faɗa wa mutum kana naɗar maganar, ka sa ya ambaci adadin kaya, kuɗi da ranar biya da bakinsa, sannan ya maimaita a tes. Na yanzu kuwa, ka tattara rasit, saƙonni da yaron da ya kai kayan, ka fara da shugabannin layinku na kasuwa kafin kotu.